Bindigar Su da Hular Magnam

Maigidana, wanda mutanen unguwarmu ta Nassarawa a Birnin Kebbi ke kira Injiniya saboda yana gyaran injin ban ruwa a bakin titi, ya tashi wata safiya da niyyar sai an ji ƙarar bindigar babana tun daga Tungar Maidanga har cikin Birnin Kebbi. Tafiyar ta fi awa guda a mota, amma ya ce nisa ba ya tsorata wanda ya san kimiyya.

Tungar Maidanga ita ce ƙauyenmu, can gefen Gulma. Muna da tafki wanda ba a taɓa shi shekara guda cur. Ranar su, wato ranar kamun kifin gayya, masunta daga ƙauyukan Argungu har Zauro sukan jeru a bakin ruwa, kowa da homarsa da gorarsa. Sarkin Ruwa ya zaga tafkin a kwalekwale, ya yi addu'a, ya ɗaga filafilin da yake tuƙi da shi sama. Sai an ga filafilin nan ake harba bindiga, sai an ji bindiga ake faɗawa ruwa. In lokaci ya cika a sake harbawa kowa ya fito, don a bar wa baɗi iri. Harbin nan guda biyu na gidanmu ne tun zamanin kakana, kuma gidan da ya kasa fitar da su ranar su, aikin ya bar shi ke nan, ba ya dawowa.

Babana, Baba Hodi, shekara talatin da ɗaya yana yi. A shekarar da nake ba da labari kafaɗarsa ta dama ta riƙe, ko buta ba ya iya ɗagawa da ita, ga shi mu 'ya'yansa duk mata ne. Akwai wani maharbi a tsallaken tafki, Tamba, wanda ya daɗe yana jiran wannan rana. Har ya fara fitowa da tasa bindigar ƙofar gida yana shafa mata mai a inda kowa zai gani.

Da muka je duba Baba, maigidan ya ji zancen, sai ya buga ƙirji ya ce aikin nan ba zai bar gidan ba yana raye. Ya ce shi da ya kwance injin Alhazai ya mayar, bindiga mai ƙarfe uku ba za ta ba shi wahala ba. Kunyar suruki ta hana Baba cewa a'a, rashin ɗa namiji kuma ya hana shi samun wata amsa. Ya sa aka ɗauko bindigar, da goran albarushi, da ɗan ƙahon da yake awo da shi, da wani tsohon gwangwanin taba mai ɗauke da huluna. Hula dai 'yar tagulla ce, ba ta kai ƙwayar masara ba. Ana ɗora ta a kan wani ɗan hanci da ke gindin bindiga, kunamar bindigar ta sare ta, ta ba da tartsatsi, albarushi ya kama. Ba a sa harsashi a harbin su, tsumma kawai ake dannawa.

Baba ya juyar da fuska gefe, yadda surukai ke yi, ya ce: "Malam Sirajo, ƙaho guda, hula guda. Haka nis same ta, haka nika son in ishe ta."

Maigidan ya ce in sha Allahu, amma na ga idonsa na kan wayarsa.

Kwana biyu da dawowarmu ya kira ni daga kicin in zo in ga ilimi. Wani Bature ne a waya, mai gemu ja, zaune gaban tebur yana haɗa harsashinsa da kansa. Ya ɗaga wata 'yar hula, ya ɗaga wata da ta fi ta, yana ta surutu. Maigidan ya ce babbar ana ce mata magnam, wutarta ta ninka ta ƙaramar, kuma ita manyan maharban duniya ke sawa.

"Wagga ta Baba hular wasan yara ta," in ji shi. "Shekara talatin ana harbi awa an buɗe kwalbar lemu. Bana sai Tamba ya ji ta cikin haƙoranshi."

Ni ba na jin Turanci, amma ina da ido. Na ce masa a hankali na ga Baturen nan da ya ɗauki babbar hular sai ya rage garin da ya auna, ya mayar da wani cikin kwalba, har ya ɗaga yatsa yana gargaɗi. Kuma tasa bindigar ba irin ta Baba ba ce.

Ya dube ni da tausayi. Ya ce Baturen matsoraci ne, ƙasarsu ma in ƙofa ta bugu sai sun kira likita. Babbar hula kuwa babban awo take so, wannan ko a injin haka yake, ba a sa wa babban fulogi ɗan mai kaɗan. Nan take ya jefa ƙahon Baba da gwangwanin bayan randa, ya shiga kicin ya ɗauko ludayina na fura. Da ya fita na tsince su na goge, na sa a ƙasan kwallata ta uku, wadda ba ya buɗewa tunda ba a ajiye nama a ciki.

Abokinsa Riskuwa direba ne ya samo masa hulunan daga kudu, cikin wani ɗan kwali mai jan rubutu. Da aka ɗora guda a hancin bindigar sai ta yi ta rawa kamar an sa wa jariri hular babansa. Maigidan ya ce wannan ƙaramin aiki ne. Ya matse ta da filaya, sai kuma ta ƙi shiga. Ya ce wannan ma ƙaramin aiki ne, ya ɗauko sifana ya ƙwanƙwasa ta har ta zauna.

Gwajin farko a tsakar gidanmu aka yi, da hantsi. Ya ce in tsaya kusa in koyi abu. Na ce tukunyata na kan wuta, na shige ɗaki na rufe ƙofa na sa filo a kai.

Abin da na ji ba ƙara ba ce, kamar an ɗaga gidan ne an sake shi. Madubina ya faɗo. Da na leƙo, hayaƙi ya cika tsakar gida, maigidan na zaune daɓas cikin bahon wanki, bindigar na can bakin rijiya. Girarsa duka biyu babu, gashin baki saura ɓangaren hagu. A waje ana ta gudu, wasu na cewa taransifoma ce ta fashe, wasu na cewa ai ba a kawo wuta ba tun shekaranjiya balle ta fashe.

Tsumman da ya danna ya tashi da wuta, ya tsallake katanga, ya sauka a kan shinkafar da maƙwabciyarmu Inna Laure ta turara ta shanya. Akuyarta kuwa, wadda ko dakali ba ta iya hawa saboda ciki, sai ga ta a kan rufin banɗakinmu. Inna Laure ta shigo ba sallama, da muciya a hannu. Ta dube shi cikin baho, ta daɗe tana dubawa.

"Injiniya, barka da wanka. Ina girarka tat tahi?"

Ya ce gwaji ne na kimiyya, kuma an samu nasara, tunda har ita ta ji.

"Na ji. Uwata da ke kabari Kalgo ma ta ji. Shinkafa kwano shidda ka soya min ba mai ba albasa. In ka ƙare kimiyya, hau ka sauko min da akuya."

Ya hau ɗin. Akuyar ta sauko da kanta ta wancan gefen, shi kuma kwanon rufin ya lotsa da shi, ƙafarsa ɗaya ta leƙa cikin banɗaki. Mai unguwa ya iso a daidai lokacin, ya tsaya yana magana da ƙafar, don ita ce ta fi kusa da shi. Ya ce in aka sake jin ko tari mai ƙarfi daga gidan nan, to maigidan ya nemi wata unguwa.

Da rana ina shafa masa man kaɗanya a inda gira take a da, na ce ko a koma kan ƙahon Baba. Ya ce matsalar ba ta hula ba ce, tsakar gida ce ta yi wa ƙarar kaɗan. Irin wannan bindiga fili take so.

Filin da ya samu shi ne fadamar Zauro, gonar wani mai ba shi aiki, Alhaji Abbas, wanda tsuntsayen jan baki suka dame shi. Maigidan ya yi masa alkawarin harbi ɗaya zai kore su har Nijar. Ban je ba, amma Riskuwa da ya kai shi ya dawo da shi ya ba da labarin a ƙofar gida, da murya yadda duk layin zai amfana.

Wai ya hau kan gaɓar kwalbatin ruwa, ya sa ma'aikatan gona suka jeru su shaida. Ya cika ludayi, ya ƙara rabi saboda iska. Ya danna tsumma da sandar ƙarfen da ake dannawa da ita, ya tsaya yi musu bayanin magnam, bayanin ya yi tsawo har ya manta sandar na cikin bindiga. Da ya ja kunama, shi ya yi baya ya nutse cikin laka har wuya, sandar kuma ta yi gaba, ta huda tiyon injin da shi da kansa ya gyara wa Alhaji ranar Talata. Ruwa ya yi tsiri sama. Jan baki suka tashi gaba ɗaya, suka yi zagaye ɗaya a sama kamar masu shawara, suka sauka a ɗaya gonar Alhajin, wadda ta fi nuna.

Riskuwa ya ce Alhaji bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ne a bakin lakar ya tambayi maigidan ko akwai sauran gonakin maƙiyansa da zai so a kai shi.

Maigidan ya shigo yana ɗingishi, kafaɗarsa ta kumbura, yana magana da ƙarfi saboda kunnensa na dama ya daina aiki. Ya ce yanzu ya gano komai. Gwaji biyu sun nuna bindigar na amsawa. Abin da ya rage shi ne tsayuwa, kuma ya ga yadda ake tsayuwa a waya. Ya yanko rodi ya yi sabuwar sandar dannawa.

Na yi tunanin in kira Baba in faɗa masa. Amma in Baba ya karɓe bindigar, wa zai harba? Tamba na can yana shafa mai. Na rasa abin yi, sai ranar tafiya na buɗe kwalla, na ƙulle ƙahon da gwangwanin a bakin zanena.

Ranar su tafkin ya cika tun hantsi. An kafa rumfar zana ta baƙi a kan tudu, mata na soya ƙosai da kifi, makaɗa na gwada kalangu. Masuntan gefenmu sun jeru, na tsallake rabinsu na ɗaure homa, wasu na shan fura. Motar mutanen Zauro ba ta ma iso ba, hakimi kuma an ce yana hanya. Baba na zaune gindin giginya da hannunsa a rataye. Tamba ya zagayo ya tsaya nesa kaɗan, bindiga a kafaɗa, wai ya zo kallo.

Maigidan ya fito cikin riga mai aljihu goma sha biyu da baƙin tabarau, don ya rufe wurin gira. Tamba ya gaishe shi, ya tambaya ko a birni yanzu haka ake aski. Maigidan ya ce wa Tamba ya tanadi auduga ya toshe kunne, don abin da zai ji yau ba irin tusar da yake yi da tasa ba ce. Tamba ya ce shi dai ya zo da tasa ne ko za a buƙaci bindiga.

Baba ya hango ludayin, ya kira ni da ido.

"Ɗiyata, wancan ba ludayin da uwarki tas sai miki ba na?"

Na ce shi ne.

"Mi yaka yi bakin bindiga?"

Baba ya rufe ido ya fara salati.

Sarkin Ruwa ya shiga kwalekwalensa, tsoho mai farin rawani, ya kai tsakiyar tafki, ya ajiye filafili a ƙafarsa, ya ɗaga hannu biyu ya fara addu'a. Ko rabin zagayen bai yi ba. A lokacin ne maigidan ya ga ya kamata a same shi a shirye. Ya janye kunama, ya ɗora magnam, ta ƙi zama. Ya danna da yatsa, ta ƙi. Ya laluba aljihu na bakwai ya fito da sifana.

Na ce, "Maigida." Da kunnen dama yake fuskantata.

Ƙwanƙwasa ta farko ba abin da ya faru. Ta biyu ce aka ji a Gulma.

Masunci ba ya tambayar dalilin bindiga. Kafin hayaƙi ya washe, mutum ya fi dubu sun faɗa ruwa. Na tsallake suka zubar da fura suka bi, wasu da homa a kwance, wani da ƙwaryar furar a maimakon gora. Motar Zauro ta shawo kwana a daidai lokacin, mutanen ciki suka ga ruwa na tafasa, suka riƙa dirowa tana tafiya. Sarkin Ruwa na tsaye da hannu a sama yana tsakiyar addu'a taron ya iso kansa. Na ga kwalekwalen ya juya, na ga farin rawani na yawo shi kaɗai. Can wani ɗan Argungu ya yi kabbara ya ce ya kama giwan ruwa, abokansa suka taya shi ja, sai ga Sarkin Ruwa a cikin homa.

Tsumman bindiga, kamar yadda ya saba, ya nemi abin da zai ci ya samu rumfar baƙi. Mata suka kashe ta da ruwan wankin kifi. Hakimi ya iso ya tarar da kujerarsa na ɗiga tana ƙarni. Shi kuwa mai harbin, bindigar ta ture shi baya taku biyar, ya zauna cikin ƙwaryar ƙullun wata mai ƙosai. Daga nan yake tambayar jama'a da ƙarfi ko sun ji, ko sun ji.

Aka fito da Sarkin Ruwa, aka matse masa riga. Bai yi maganar maigidan ba tukuna. Ya ce an shiga ba addu'a ba tsari, ruwa ya dagule, in ba a fitar da mutane yanzu ba za su kashe ƙananan kifi, baɗi sai dai a yi sun kwaɗi. Dogarai suka yi ta ihu a bakin ruwa, ba wanda ya ɗago. Bindiga ce ta shigar da su, ita kaɗai za ta fitar da su.

"Gidan Hodi," in ji Sarkin Ruwa, "akwai harbi na biyu ko babu? In babu, a kira Tamba."

Aka nemi Tamba. Ashe shi ma jinin masunta ne. Da ya ji ƙarar ƙafafunsa suka kai shi ruwa ba da shawararsa ba, sai da ya kai ƙirji ya tuna abin da ke kafaɗarsa. Ya fito yana karkata bindigar, ruwa na zuba daga bakinta, har da ɗan kifi. Ya roƙi a ba shi lokaci albarushi ya bushe. Sarkin Ruwa ya ce zuwa la'asar ke nan, amma in gidan Hodi sun kasa, zai jira shi.

Maigidan ya taso da ƙullu a bayansa ya ce yana da sauran magnam goma sha bakwai. Maza huɗu suka zaunar da shi.

Baba ya jawo bindigar da hannun hagu ya duba. Ba ta tsage ba, ya ce albarkar wanda ya ƙera ta ce. Amma tagullar babbar hular ta fashe ta toshe hancin, kuma ko an buɗe ba abin da za a ɗora. Ban iya magana a gaban maza ba, sai na tsuguna a bayansa na kwance bakin zanena, na ajiye ƙahon da gwangwanin a kan tabarmarsa. Ya dube su, ya dube ni.

"Kina tune yadda nika yi?"

Na gyaɗa kai. Tun ina 'yar shekara bakwai nake riƙe masa gora.

Na ja hijabina ya rufe hannuwana. Na zare tsinken kitso daga kaina na sakace hancin har tagullar ta fito. Muka jira ƙarfen ya huce, na goge cikinsa. Ƙaho guda, tsumma, hula guda. Ta zauna da kanta ba a ƙwanƙwasa ta ba. Baba ya miƙe, ya ce kafaɗarsa ba za ta ɗauka ba, sai dai ya jingina gindin bindigar da wani abu mai kauri wanda ba ya jin komai. Ya dubi giginya, ya dubi surukinsa, ya daɗe a kan surukin, sannan kunya ta sa ya zaɓi giginya.

Sarkin Ruwa ya ari filafilin wani ya ɗaga. Bindigar ta yi ƙararta ta kullum, wadda aka ce ta kwalbar lemu ce. Ruwa ya yi tsit, mutane suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na jan abin da ya samu.

A nan gindin giginya aka yanke magana, hakimi na tsaye tunda ba kujera. Tamba ya ce an ɓata sun bana, a ba shi aikin. Sarkin Ruwa ya ce wanda ya kai bindigarsa wanka ya fara busar da ita tukuna. Gidan Hodi sun fitar da harbi biyu, na farko bai zo a kan lokaci ba, amma na biyu ya gyara. Aiki na nan a gidan. Bai tambayi wanda ya ɗura ta biyun ba, ya dai dubi tsinken da ke hannuna ya kau da kai. Sannan ya nuna maigidan da filafili.

"Wanga kuwa, dut ranar su, tun asuba a aika mutum biyu Birnin Kebbi su zauna da shi. Kada su bari shi taɓa ko ashana sai an ji mun ƙare."

Magnam goma sha bakwai ɗin ya sa aka kai su tsakiyar tafki aka zuba.

Yau shekara biyu ke nan ana cika umarnin. Ranar su, ƙarti biyu daga Tunga sukan iso Nassarawa da sassafe su zauna a bencin shagonsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Yakan saya musu shayi da burodi. Duk wanda ya kawo gyara sai ya nuna masa su ya ce tun ranar da ya buɗe sun Tunga da harbin da aka ji a Gulma, Sarkin Ruwa ya ce mutum irinsa bai kamata ya zauna ba masu tsaro ba. Inna Laure in za ta wuce takan tsaya ta gaishe su, ta roƙe su ko za su ƙara kwana.

Ni kuwa a lokacin ina motar Argungu, da ƙaho da gwangwani a bakin zanena. Ludayin ban sake shan fura da shi ba, har yanzu warin albarushi yake yi.